Littafin Awon Sukarin Gidanmu

Lahadi, 3 ga Nuwamba 2024

Magana ta ƙare a ɗakin Hajiya jiya da daddare: daga gobe duk sukarin da zai shiga tukunya ko kofi a gidan nan sai an san awonsa. Ni aka ɗora wa riƙon littafi, wai tunda ni ce malamar bayoloji. Mu goma sha huɗu ne ke ci tukunya ɗaya a nan Zariya: surukina Alhaji Baba da Hajiya, maigidana da ƙanensa, ni da facalata, yara bakwai, sai almajirin da ke mana aike.

Abin da ya tayar da zancen gwajin jinin Alhaji Baba ne. An auna sukarin jininsa da safe kafin ya karya, na'ura ta nuna 6.6. Likita ya ce ba a kiran abu ciwon suga sai ya kai 7.0 kuma an maimaita an sake samun haka, amma mai 6.6 yana bakin ƙofa, ga shi da ma yana shan maganin hawan jini. Ya ce a fara da abin sha.

Ma'aunin da za mu bi shi ne wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015. Ta ce sukarin da ake zubawa a abinci da abin sha, haɗe da zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse, kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa na yini. Ga babban mutum wannan wajen giram 50 ne, ƙaramin cokalin shayi 12 ke nan a shafe. In da hali a sauko ƙasa da kashi 5, wato giram 25, cokali 6. Wanda ke cikin madara tun asali da wanda ke cikin mangwaro ko gwanda da aka ci da tsokarsu ba ya cikin lissafin.

Wannan makon ba za a rage komai ba. Awo kawai. Na aro ƙaramin sikeli wajen maƙwabciyarmu mai yin kek.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Kilo shida ya tafi a mako guda. In aka raba wa mutum goma sha huɗu, kowa ya sha sama da giram 60 a yini, har da 'yar shekara uku. Wannan na cikin robar kicin ne kaɗai. Ban da lemon kwalba, ban da alewar da yara ke saye a hanyar Islamiyya, ban da shayin da mazan ke sha a waje.

Abin da ya fi ba ni mamaki, kusan babu wanda ya ci sukarin nan, sha aka yi. Shayin safe, koko, kunun gyaɗa, zoɓo, fura. Tuwo da miya ba ruwansu. Na tsaya kan facalata tana haɗa zoɓo a babban bokiti: ba cokali, ba kofi, bakin robar take karkatawa farin abu na kwarara, ta juya da ludayi, ta ɗanɗana, ta ƙara. Na ce mu auna abin da ya ragu a robar, sai ga shi kilo ɗaya da 'yan kai ya shige. Ta ce, "To Yaya, zoɓo ai tsami gare shi, in bai ji ba wa zai sha?"

Cokali ma rigima ce. Wanda ake nufi a ma'auni ƙarami ne a shafe, giram 4. Namu na gida a toze ake cika shi, na ɗora a sikeli ya ba ni kusan 8. Alhaji Baba kuwa yana shan shayi sau uku, kowane kofi cokali huɗu a toze. Wannan kaɗai ya doshi giram 100. A ƙara madarar gwangwani mai kauri, wadda fiye da rabin nauyinta sukari ne. A ƙara lemon kwalba ɗaya bayan abincin rana, yawancinsu kowace mililita 100 na ɗauke da wajen giram 10, ƙaramar kwalba ke nan cokali 8 zuwa 9. Da furar dare, tsohon nan na wuce giram 150 a yini, ninki uku na iyakar sama. Ban iya faɗa masa ba, ina ni ina wannan magana da suruki. Maigidan na ba wa takardar ya kai.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Yau Ranar Ciwon Suga ta Duniya, ranar haihuwar Frederick Banting, ɗaya daga cikin waɗanda suka gano insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, a Kanada a 1921. Gidajen rediyo sun yini a kai, shi ya sa bayan isha'i gardama ta ɓarke a tsakar gida. Ƙanen maigidana ya kafe cewa ciwon suga gado ne, wanda Allah ya rubuta wa zai yi ko da ruwan maɗaci yake sha, ga wani abokinsa da ke shan lemo kamar ruwa lafiyarsa ƙalau.

Rabin maganarsa gaskiya ce, kuma ba na son a gina aikin nan kan tsoratarwa marar tushe. Gado na taka rawa sosai. Akwai kuma nau'in farko, wanda ya fi kama yara, jiki ne ke daina yin insulin, ba laifin alewa ba ne. Wanda ya fi yawa, nau'i na biyu, shi ne ke bin teɓa, musamman ta ciki, da rashin motsa jiki da shekaru. Na yi musu bayani kamar yadda nake yi wa 'yan ajina. Farin sukari abu biyu ne a manne, gulukos da furuktos. Gulukos na shiga jini, insulin ya sa tsoka da sauran sassan jiki su karɓe shi. In kitse ya taru a ciki da hanta, jiki sai ya fara ƙin jin maganar insulin, a riƙa fitar da shi da yawa kafin aiki kaɗan ya yiwu, har gaɓar da ke samar da shi ta gaji. Daga nan sukari ya tsaya a jini yana cin ƙananan jijiyoyi a ɓoye: na ido, na ƙoda, na tafin ƙafa. Gyambon da ya ƙi warkewa har a kai ga yanke ƙafa daga nan yake farawa.

Inda abin sha ya fi abinci sharri shi ne ba ya ƙosarwa. Wanda ya ci malmala biyu ya san ya ci. Wanda ya kwankwaɗi kofi biyu na zoɓo mai cokali goma zai zauna ya cinye tuwonsa daidai yadda ya saba. Masu bincike a Jami'ar Harvard sun tattara nazarce-nazarce kan mutum sama da 300,000 suka fitar a 2010: masu shan lemon zaƙi ɗaya zuwa biyu kullum sun fi waɗanda ba kasafai suke sha ba haɗarin kamuwa da nau'i na biyu da wajen kashi 26 cikin 100. Wannan ba ya nufin kowane mai sha zai kamu, abokinsa na iya tsira. Amma wa ya gaya masa abokin ya taɓa gwaji? Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ne ke da ciwon a Afirka, miliyan 3.6 a Najeriya, kuma fiye da rabin na Afirka ba su san suna da shi ba. Ƙanen maigidan ya yi shiru, sannan ya ce shi dai ba zai sha shayi salam ba. Ba wanda ya ce ya sha.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

An fara ragi. Ba a hana kowa komai ba, robar ce ta koma ɗakin Hajiya, kullum da safe a auno na yini a ƙaramin kwano, in ya ƙare ya ƙare. Mun cire kashi ɗaya cikin huɗu. A koko da kunu babu wanda ya lura. A shayi an lura tun kurɓar farko.

Alhaji Baba kuwa mun samo masa ɗan sanda. 'Yata ta fari, mai shekara tara, wadda yake kira Amarya, ita ce yanzu ke kai masa shayi da cokalinta a hannu. Jiya na ji shi daga zaure yana cewa, "Amarya, wannan rowa haka, sakin ki zan yi." Ta ce, "Ka sake ni mana Angona, cokali uku dai ne ba ƙari." Abin da ɗansa na cikinsa ba zai iya faɗa ba, jika ta faɗa ana dariya.

Lahadi, 8 ga Disamba

Hunturu ya sauka, shayi ya ƙaru, awo ya tsaya wuri ɗaya. Na bar shi haka, ba a faɗa da sanyin Zariya.

Abin da ya fi damuna a makon nan wata jarka ce. Kawun maigidan ya zo gaisuwa, ya ji labarin gwajin, washegari ya aiko da jiƙon sassaƙe da ganyen shuwaka, baƙi ƙirin, ɗaci kamar ya tsinke harshe. Saƙonsa shi ne a daina wahalar da tsoho, ya sha zaƙinsa yadda yake so, in ya so da safe ya kora da kofi ɗaya na wannan, zai wanke komai. Kowa ya san wannan tunani, shi masu maganin basir da "dattin zaƙi" ke shela da lasifika a bakin kasuwa. Kuma ina ganin ya fi sukarin kansa haɗari, domin lasisi ne. Ɗaci a harshe yake tsayawa. Sukarin da aka sha jiya da la'asar ya riga ya bar hanji cikin 'yan awoyi, babu wani kwanon da ya rage a ciki da za a wanke.

Inda yake zuwa shi ne abin da na zauna na yi wa Hajiya bayani, don ita ke da iko da jarkar. Furuktos, rabin nan na biyu, yawancinsa hanta ce ke ɗawainiya da shi. In kaɗan ne, kamar na cikin goba ko lemon ɓawo da ke sauka a hankali tare da tsokarsa, ba matsala. In ya zo da yawa a lokaci guda, hanta sai ta mayar da rarar kitse, kamar rumbun da ya cika aka ci gaba da kawo dami, dole a jibge a tsakar gida. Wani kitsen ya zauna a hantar, wani ya shiga jini. Ana samun mutumin da bai taɓa kusantar giya ba amma hoton cikinsa ya nuna hanta ta yi kitse. Sarrafa furuktos kuma na ƙara wani sinadari a jini da ke taruwa a gaɓoɓi, ya kumbura babban ɗan yatsan ƙafa cikin dare da azabar zafi. Sai zuciya. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2014 ya gano cewa waɗanda kashi ɗaya cikin huɗu na abincinsu ko fiye daga sukarin zubawa yake sun ninka masu shan ƙasa da kashi 10 fiye da sau biyu wajen mutuwa ta ciwon zuciya da jijiyoyin jini.

Ga kuma wani abu: jiƙon da ba a san ƙarfinsa ba, a ɗora shi kan ƙodar mai hawan jini. Hajiya ta yi wa Kawu godiya ta waya, da addu'a mai tsawo. Jarkar tana bayan ɗakin girki.

Asabar, 21 ga Disamba

An cire wa ɗan facalata, mai shekara shida, turmin haƙori. Kwana biyu bai yi barci ba. Da ma'aikaciyar ta haska bakinsa da fitila na leƙa: rami ne baƙi a tsakiyar haƙorin da zai ɗauki ƙwayar gero, gefensa ya yi laushi, na kusa da shi ma ya fara fari-fari a gindi. Hajiya ta ce tsutsa ce. Ba tsutsa ba ce, ƙwayoyin cuta ne da ke manne a jikin haƙori, su ci sukari su fitar da tsami, tsamin ya riƙa narkar da ɓawon haƙorin. Duk lokacin da zaƙi ya shiga baki, sai an yi rabin awa ko fiye kafin miyau ya kashe tsamin. To yaron da ke tsotsar alewa tun daga ƙofar gida har makaranta, a tashi ya sayi iloka, da yamma tuwon madara, yaushe bakinsa ya huta?

An tabbatar da wannan ta wata mummunar hanya. A ƙasar Suwidin, daga ƙarshen shekarun 1940 zuwa farkon 1950, a asibitin Vipeholm da ke garin Lund inda ake ajiye masu taɓin ƙwaƙwalwa, an riƙa bai wa wasu majinyata alewa mai danƙo har guda 24 a yini tsakanin abinci, da gangan, don a ga abin da zai faru. Haƙoransu suka lalace. Zalunci ne tsagwaronsa, mutanen ba su san abin da ake yi da su ba. Abin da aka gano shi ne zaƙi mai manne wa haƙori da ake ci tsakanin abinci ya fi wanda aka ci tare da abinci ɓarna nesa ba kusa ba. Daga nan mutanen ƙasar suka ɗauki al'adar bai wa yara alewa ranar Asabar kaɗai.

Mun ari wannan, mun mayar Juma'a. Bayan an sauko masallaci kowane yaro ya zaɓi abin da yake so, ya ci a zama ɗaya, ya kurkure baki. Buroshi da man goge baki mai fuloraid safe da dare, dare ya fi muhimmanci. Asuwaki na nan daram, ba mu ce a bari ba.

Lahadi, 12 ga Janairu 2025

Kilo huɗu da rabi. Amma sai na lura ƙullin mazarƙwaila na shigowa gidan ta ƙofar baya. Lokacinta ne, daga wajen Maƙarfi ake kawo ta sabuwa, ja-ja, tana ƙamshin rake. Hajiya ce ke jefa ta a kunu, hujjarta kuwa ita ce na Bature aka hana, wannan tamu ce ta gado, iyayensu sun sha sun kai ɗari.

Na daɗe ina juya yadda zan amsa, domin ina son mazarƙwaila, kuma na fi son kuɗinmu ya tafi wajen manomin rake na kusa da mu. Yawancin farin sukarin da muke saye ɗanyensa daga Birazil ake shigo da shi a tace a Legas, abin da ake nomawa a irin su Numan bai kai ko kusa da abin da ƙasar ke sha ba. Amma jini bai san wannan siyasa ba. Mazarƙwaila ruwan rake ne aka dafa ya daskare, mafi yawanta sukarin nan ne dai, sai ɗan ƙarfe da gishirin ƙasa da bai taka kara ya karya ba. Zuma ma wajen kashi 80 cikin 100 sukari ce. Tana da darajarta, ba mai ja da wannan, amma a ludayi ake maganar magani ko a ɗigo? Kuma ba a bai wa jaririn da bai shekara ba, saboda wata ƙwayar cuta da kan ɓuya a ciki wadda hanjinsa ba zai iya da ita ba. Na nanata wa facalata wannan saboda goyonta.

Game da iyayen da suka kai ɗari, na tambayi Hajiya sau nawa suke ganin mazarƙwaila a gidansu tana yarinya. Ta yi dariya ta ce sai ranar kasuwa, a gutsura wa kowa kamar kan ɗan yatsa. Alkaki da nakiya sai biki. Su kuma suka yi daka, suka ɗebo ruwa, suka je gona a ƙasa. Mun daidaita: mazarƙwaila ta shiga kwanon awo, duk giram ɗinta a cire daga na fari. Rake kuwa na bar yara su sha, kafin su gama gaɓa biyu muƙamuƙi ya gaji.

Lahadi, 26 ga Janairu

Na koya wa manyan yaran karanta bayan kwali da roba. Sun gano da kansu cewa ruwan 'ya'yan itace na kwali, mai hoton lemo da abarba, bai fi lemon kwalba sauƙi ba, haka lemon malt da ake kai wa marar lafiya asibiti da sunan ƙarin jini, haka yogot mai zaƙi. Mai kantin layinmu ya ce wa ɗana ai sukari har bitamin A gare shi. Gaskiya ne, doka ce ta tilasta a saka, kamar yadda ake sawa a fulawa da man girki. Amma karas da manja da zogale na nan.

Maigidan ya tambaya ko gwamnati na yin wani abu. Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 kan kowace lita ta lemon zaƙi. Da tsadar yau, wa ke jin naira 10? Meziko ta fara nata a 2014. Na Birtaniya na 2018 ya fi burge ni, domin gwargwadon yawan sukarin da ke cikin lemo gwargwadon harajin, sai kamfanoni da yawa suka rage da kansu tun kafin dokar ta fara aiki. Kuma kada a ɗauka masu wannan kasuwa barci suke. A 2016 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko suka tono takardun da suka nuna wata ƙungiyar masu sukari ta Amurka ta biya wasu masanan Harvard kuɗi suka rubuta sharhin da ya fito a 1967, wanda ya sassauta wa sukari ya jingina ciwon zuciya ga mai da kitse.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Goyon facalata ya kwana yana zawo. Da asuba na same ta ta dafa ruwa ta sa gishiri, ta tsaya da cokali a hannu tana shakkar sukarin, wai ba mun ce illa ne ba. Gabana ya faɗi. Na ce zuba, wannan shi ne maganin. A ruwan gishiri da sukari, sukarin ne ke jan gishiri da ruwa su ratsa hanji su shiga jiki. Lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, cokali 6 na sukari a shafe, rabin cokali na gishiri, kafin a samo na ƙunshi a kemis tare da ƙwayar zinc. Lemon kwalba kuwa ba ya maye gurbinsa, zaƙinsa ya yi yawa, ƙara zawon yake. Yaron ya warware.

Na tara kowa da yamma na ƙara wani: mai ciwon suga da ke kan allurar insulin ko wasu ƙwayoyin, in ya fara rawar jiki da zufa da ruɗewa, sukarin jininsa ne ya faɗi, a ba shi zaƙi nan take in yana iya haɗiya, a nufi asibiti. Muna da irinsu a dangi.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

An ga wata, gobe azumi. Kilo uku da rabi a makon da ya wuce, kowa wajen giram 35. Tsoron da nake ji a fili yake: kunun tsamiya, zoɓo, lamurje, kunun aya, ga zafi ya fara.

Asabar, 15 ga Maris, 15 ga Ramadan

Makon farko awo ya haura kilo biyar. Ban yi faɗa ba, mai ƙishirwar yini guda ba ya jin wa'azin cokali. Abin da muka canza shi ne jerin abin da ke kan tabarma. Da an kira salla, dabino da ruwa zalla tukuna, kofi cike, a tashi a yi magariba. In an dawo ƙishirwar ta karye, kofin zoɓo ɗaya ya isa inda da ake shan uku. Zoɓon kuma mun ƙara masa citta da kanumfari da ɓawon abarba, sukarin ya koma rabi. Kunun aya dabino muke markaɗawa a ciki, amma na faɗa wa kowa kada a ruɗi kai, busasshen dabino wajen kashi biyu cikin uku na nauyinsa sukari ne, in aka markaɗa aka tace ya zama abin sha kamar sauran. Alhaji Baba uku yake ci a buɗa-baki, da tsokarsu.

Kankana da gwanda sun taimaka ƙwarai. Facalata ta kawo shawarar 'yan ƙwayoyin zaƙin nan marasa sukari da ake sayarwa a kemis. Na ce a'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kada a dogara da su don rage ƙiba, ni kuma dalilina na kaina shi ne harshen muke so ya sauka, ba mu canza masa uban gida ba. Kuma yana sauka. Shekaranjiya maƙwabta suka aiko da kunu, ƙanen maigidana, mai rantsuwar nan, ya kurɓa ya ajiye ya ce ya cika zaƙi. Na yi kamar ban ji ba.

Shayin sahur ne ya gagara. Sabo turken wawa.

Laraba, 2 ga Afrilu

An yi salla ranar Lahadi. Na rufe littafi kwana uku. Cincin, dubulan, alkaki, kiret-kiret na lemo don baƙi. Ba zan tari mai yawon salla da ruwan randa ba, kuma ba bikin shekara ne ya kai Alhaji Baba 6.6 ba. Abu ɗaya na roƙa: ragowar lemon a rabar, kada ya kwana a firiji har Shawwal ta ƙare. An rabar.

Lahadi, 13 ga Afrilu

An sake auna Alhaji Baba, 6.2. Likita ya ce an samu sauƙi amma har yanzu bai fita daga sahun masu haɗari ba, kuma awon yini ɗaya na iya hawa ko sauka. Ya rubuta wani gwajin da ke nuna matsakaicin sukarin jini na wajen wata uku, wanda in ya kai 6.5 cikin 100 ake cewa ciwo ne. Ya ƙara da cewa farar shinkafa da burodi da tulin tuwo ma gulukos suke komawa, a rage malmala a ƙara miyar ganye da wake. Ba zan ce ragin sukari kaɗai ya kawo sauƙin ba, domin tun Janairu tsohon ya koma zuwa masallacin Juma'a a ƙasa, ga azumi ya ratsa. Mazugin wandonsa dai ya ƙara tsawo, Hajiya ce shaida. Shayinsa cokali ɗaya da rabi ne yanzu, madarar ta koma marar zaƙi, lemon rana ya zama na Juma'a tare da jikoki.

Gida ya dawo kilo uku da 'yan kai. Ramukan da suka rage a waje suke. Mazan biyu na zama teburin mai shayi da dare, shi kuwa da gwangwani yake zubawa, in ka ce ya rage sai ya ga kamar ka raina masa hannu. Maigidan ya ce zai riƙa cewa a ba shi sukarin a gefe. Kuɗin tara na yara ma ban san inda yake tafiya ba, ko da yake ina zargin mai ƙanƙarar zoɓo da ke bakin makarantarsu, kuma da zafin nan ba na ganin laifinsu. Daga gobe kowa zai tafi da gorar ruwa da aka kwana da ita a firiji, da gyaɗa ko aya a aljihu.

Asabar mai zuwa maigidan da ƙanensa da Hajiya za su je a auna su, tunda abin na bin jini. Ni da facalata sai ta sama. Sikelin maƙwabciya zan mayar mata, an ce akwai irinsa a kasuwar Sabon Gari.